Makaɗin Gidanmu Ba Ya Jin Kiɗansa



Yaushe rabonki da ki ga 'ya'yanki duka sun fashe da dariya lokaci guda, a kan abu guda? Idan amsarki ita ce ko jiya ma an yi, to ki gode wa Allah. Ni sai da na shafe kusan shekara uku ban ga haka a ɗakina ba.

'Ya'yana uku ne. Akwai ta fari, wadda kin san ba zan kama sunanta ba, sai Abba mai sunan mahaifina, sai Auta. Abba yana ɗan shekara shida sanƙarau ya kama shi a tsakiyar wata bazara. Mun yi kwanaki a asibiti, Allah Ya tashi kafaɗunsa, amma ciwon bai tafi hannu rabbana ba, ya tafi da jinsa. Kunnen hagu shiru ne gaba ɗaya, na dama kuma sai abu mai tsananin ƙara kamar tsawa ko bugun ƙyaure. Ba labarin jinya na zo ba ki yau ba. Labarin bayan sallar isha ne, lokacin da yara ke taruwa a tabarma su sa waya ko talabijin a gaba.

Duk abin da yaranmu ke kallo yanzu magana ce zalla. Katun surutu, fim ɗin Hausa surutu, fassarar Indiya kuwa ita ce uwar tafiya. Sai na lura Abba ya daina kallon allo, fuskar yayarsa yake kallo. In ta yi dariya shi ma ya yi, amma a makare, kamar mai biyan bashi. Ke uwa ce, kin san bambancin dariyar da ta taso daga ciki da dariyar aro. Daga baya ma ya bar aron. Da an kunna kallo sai ya ja mayafinsa ya juya wa ɗakin baya. Na sha shigewa kicin in yi kamar wanke-wanke nake, don kada a ga idona.

Mafita ta zo ta inda ban zata ba. Surukina ya zo daga ƙauye ganin likitan ido, ya yi mako biyu a wurinmu. Wata safiya Abba ya zura ƙafafunsa cikin takalman babansa, yana tafiya yana warwatsa su kamar agwagwa. Tsohon nan ya yi ta dariya har da tari, yana cewa, "Kai, ga Cali! Wannan ai Cali ne sak!" Na ce, "Baba, wane ne kuma Cali?" Sai ya shiga ba mu labarin majigi, yadda mota ke zuwa garinsu suna yara, a kafa farin ƙyalle a fili bayan magariba, a nuna noman auduga da tsabtar rijiya, wani yana bayani da lasifika. Ya ce su duk ba wannan ke kai su ba. Jira suke a sako wani ɗan guntun Bature mai ɗan gashin baki, da hula kamar an kifa ƙoƙo, da 'yar sanda, da takalman da suka fi ƙarfin ƙafarsa. Ba ya cewa uffan, amma har dattawa sai sun riƙe ciki.

Yayarsu ce ta gano Charlie Chaplin yake nufi. A daren muka sauke wani fim nasa na 1921 mai suna The Kid. Labarin wani matalauci ne da ya tsinci jariri an yar a lungu, ya rasa wanda zai miƙa wa, ya ɗauka ya raina. Ya rataye buta da igiya ta zama fida, ya huda kujera ta zama fo. Da yaron ya tasa sai suka ƙulla sana'a: yaro ya jefi gilashin tagar mutane ya ruga, uban riƙon ya ɓullo da sabon gilashi a bayansa kamar hanya ce ta biyo da shi. Ana cikin haka yaron ya ɗaga hannu zai yi jifa, ashe ɗan sanda na tsaye a bayansa, sai ya wayance kamar wasa yake da dutsen.

Abba ne ya fara dariya. Shi ya fara, uwargida, sauran suka biyo baya. Bai kalli fuskar kowa ba.

Daga nan muka buɗe sabon babi. Muka kalli The Gold Rush na 1925, inda yunwa ta sa Cali ya dafa takalminsa, ya zauna yana cin igiyar kamar taliya, yana tsotsar ƙusoshin kamar ƙashin kaza. Muka san Buster Keaton, wanda ake yi wa laƙabi da mai fuskar dutse saboda ko sama za ta faɗo ba ya murmushi. A fim ɗinsa Steamboat Bill, Jr. na 1928 bangon gaban gida sukutum ya faɗo masa, ya tsira don yana tsaye daidai inda taga take. Muka ga Harold Lloyd a Safety Last! na 1923 yana reto a jikin hannun agogo a saman dogon bene. Ban san shekarun da na yi ban ji gidana ya cika da ihu irin na makonnin nan ba. Na ɗauka an gama, na samu magani.

Sai ranar da muka kunna City Lights na 1931. Akwai inda Cali ya je liyafa a gidan wani attajiri, tsautsayi ya sa ya haɗiye usur, shaƙuwa kuma ta kama shi. Duk shaƙuwar da ya yi sai usur ya yi kuka a cikinsa. Ya hana mawaƙin da zai yi waƙa sakat, ya fita waje don kunya, tasi ta tsaya masa, karnukan unguwa suka taru a kansa. Yayarsu da Auta suna birgima a tabarma. Na waiga, sai na ga Abba ya koma kallon fuskokinsu. Shi dai ya ga mutum yana zabura, ya ga karnuka, amma bai ga abin da ya haɗa su ba. Abin dariyar duka a cikin kunne yake.

Daren nan ban yi barci da wuri ba. Ni da na ɗauka fim marar magana fim ne marar sauti, ashe tun farko kiɗan da ke fita a wayar yana yi wa sauran biyun rabin aiki ban sani ba. Na tashi na shiga bincike, kuma abin da na karanta shi ya sauya mana komai.

Ashe a zamanin can da wuya a nuna fim a shiru. Faifan ne kawai ba ya ɗauke da sauti, amma ɗakin kallon cike yake da shi, kuma mutane ne ke yin sa a take, a gaban allo. A ƙaramar silima mutum ɗaya ne zaune da fiyano, idonsa a kan allo, hannunsa na bin abin da ya gani. A manyan silimomin birane irin Niyok kuwa ƙungiyar makaɗa ce guda, da masu goge da masu busa, ko kuma wata ƙatuwar fiyanon iska da ake kira ogan. Kamfanonin fim kan haɗa faifai da takardar jagora mai nuna irin kiɗan da ya dace da kowane wuri. Har littattafai aka buga don haka. Wani makaɗi mai suna Erno Rapee ya fitar da nasa a 1924, ya rarraba kiɗe-kiɗen bisa yanayi: na tsere, na gobara, na baƙin ciki, na soyayya, na barkwanci, yadda mai fiyano zai yi wuf ya buɗo wanda yake so.

Amma a fim ɗin barkwanci, wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne mai ganga. A kewaye yake da tarkace: ɓawon kwakwa biyu don sukuwar doki, fallen langa-langa don tsawa, ƙararrawa, hon ɗin mota, usur mai zuge da ke yin ƙasa idan mutum yana faɗowa, sai ganga ta karɓe shi idan ya kai ƙasa. Har wata na'ura aka ƙera a Amurka tsakanin 1912 da 1925 mai suna Fotoplayer, fiyano ce mai kaɗa kanta, an jera mata igiyoyi da matakai, in ka ja wannan ƙararrawa ta buga, in ka ja wancan jirgin ƙasa ya yi kuka. Shi kansa sunan da Turawa suka ba wa irin wannan barkwanci na mari da faɗuwa, slapstick, asalinsa sunan wasu 'yan katakai biyu ne da ake haɗawa, 'yan wasan kwaikwayon Italiya ke amfani da su tun ɗaruruwan shekaru. In aka doki mutum da su sai su ba da ƙara tas kamar an karya shi, alhali ko zafi bai ji ba. Ƙarar ce marin.

Kuma barkwanci ya zo tare da silima tun ranar haihuwarta. Cikin gajerun finafinan da 'yan uwan nan biyu, su Lumiere, suka nuna a Faris ran 28 ga Disamba 1895, akwai wani da bai cika minti ɗaya ba: mai ban ruwa a lambu, yaro ya take masa tiyo, ya leƙa bakin tiyon ya ga me ya faru, yaro ya ɗage ƙafa. Kin riga kin san sauran.

Ina cikin karatun nan sai wani abu ya faɗo mini a rai. Shi mai gangar nan da me yake aiki? Allon da yake kallo ba ya gaya masa komai ta kunne. Da ido yake aiki. Dole ya ga faɗuwa tun kafin a faɗi, ya ga mari tun hannu yana sama, in ba haka ba bugunsa zai makara. To wa ya fi kowa ido a gidana?

Washegari bayan isha na kashe sautin wayar gaba ɗaya, na jingine ta da bango. Na kwaso murfin tukunya biyu, ludayi, ƙwaryar da nake kifawa a ruwa in ana kiɗan biki, gwangwanin madara da tsakuwa a ciki, da tsohon tiren silba. Na raba. Yayarsu ta ɗauki aikin waƙa da baki. Auta ya ɗauki gwangwani. Na tura wa Abba ƙwarya da ludayi da murfi, na nuna masa allo, na nuna masa hannunsa.

Uwargida, minti biyar bai yi ba ya gane. Mu da muke da kunne sai mutum ya faɗi muke bugawa, bugunmu ya zo bayan an gama. Shi kuwa tun Keaton yana ɗaga ƙafa ludayinsa ya riga ya tashi sama, yana kaiwa ƙasa ƙwarya na amsawa, dam! Ya riƙe ƙwaryar tsakanin cinyoyinsa, yana jin rawarta a jikinsa. Shekara uku yana karantar kafaɗa da gira da motsin ƙafar mutane don ya san me ake ciki, ni ina ta kukan abin da ya rasa, ban taɓa tsayawa na duba abin da ya tara ba. Auta ya ajiye gwangwaninsa ya zuba masa ido. A karon farko tun ciwon, shi ake kallo don a san lokacin dariya.

Maganar usur ma mun warware ta. Babansu ya sayo irin na alƙalin wasa, yayarsu ta busa, Abba ya dafa shi da yatsa ya ji ɗan ƙwallon ciki yana karkarwa. Muka sake kunna wurin, duk shaƙuwar da Cali ya yi sai ta busa yatsansa na kai. Kafin karnuka su iso ya kwanta a ƙasa don dariya. Yanzu shi ke busawa, kuma maƙwabta sun sani.

Akwai wani darasi da na ɗauka daga Chaplin kansa. Shi ya tsara kiɗan City Lights, alhali bai iya karanta rubutun kiɗa ba. Yakan rera da baki ko ya taɓa a fiyano, ƙwararru su rubuta. Ya kuma ƙi yarda a cika masa fim da kiɗan ban dariya, ya fi son mai taushi da nutsuwa, don kada kiɗa ya yi gasa da abin da ido ke gani, kuma don matalaucin nan ya fito da mutuncinsa. Ban taɓa gaya wa Abba wannan ba. Amma ranar da muka maimaita The Kid da kayan kiɗanmu, da aka zo inda jami'ai suka ƙwace yaron suka jefa shi bayan mota, yana miƙo hannu yana kuka, Auta ya ɗaga murfi zai buga, Abba ya riƙe masa hannu. Ya sa tafinsa a ƙwarya yana bugu a hankali, a hankali, har Cali ya bi ta kan rufin gidaje ya cim ma motar ya rungume yaron. Sannan ya ɗauke hannu. Ɗakin ya yi tsit.

Daga baya na karanta cewa Chaplin ya san abin da yake nunawa. An haife shi a Landan a 1889, mahaifiyarsa mawaƙiya ce da muryarta ta dakushe, talauci da ciwon taɓin hankali suka raba ta da 'ya'yanta, yana ɗan shekara bakwai aka kai shi gidan gajiyayyu. Kuma ɗansa na fari ya rasu kwana uku da haihuwa a 1919, 'yan makonni kafin ya fara ɗaukar wannan fim.

Wani abin da ya taɓa ni kuma: zamanin finafinan nan, kurame da masu ji a layi ɗaya suke zama su fahimci labari ɗaya. Chaplin yana da aboki kurma, mai zane, sunansa Granville Redmond, wanda ya ba shi ɗakin aiki a harabar kamfaninsa, ya kuma sa shi a finafinansa da dama, har da The Kid da City Lights. Da fim mai magana ya shigo da The Jazz Singer a 1927, cikin 'yan shekaru dubban makaɗa suka rasa aikinsu, kurame kuma suka rasa silima. Sai a 1947 wani tsohon ɗan wasa kurma, Emerson Romero, ya fara yanka faifai yana saka rubutu a tsakani don 'yan uwansa su bi labari. Rubutun nan da kike gani a ƙasan fim yau, yana cikin waɗanda suka share masa hanya. Shi kuwa Chaplin ya yi ta turjiya har 1936. A fim ɗinsa Modern Times ne aka fara jin muryar Cali, kuma da ya buɗe baki sai ya rera waƙa da yaren da babu shi a duniya, ya ba da labarin da hannu da fuska. Ni da Abba fahimtarmu ɗaya a wurin.

Kada ki ɗauka baƙon abu nake kawo miki. In kin taɓa ganin Raj Kapoor a Awaara na 1951 ko Shree 420 na 1955, da guntun wandonsa da tafiyarsa, to Cali yake kwaikwayo. Tom and Jerry da yaranki ke so, waɗanda suka fara a 1940, jikokin mai gangar nan ne, kowace faɗuwa da bugunta. Mu ma da muka tashi muna ganin yadda kalangu ke bin ƙafar mai rawa, ba sai an yi mana dogon bayani ba.

In za ki gwada, ga abin da na koya. Ki rubuta sunayen nan a YouTube, da yawansu suna nan, kuma tunda baƙi da fari ne, ko a ƙaramin inganci kika sauke sun isa, ba za su cinye miki data ba. Ki fara da gajeru, irin One Week na Keaton na 1920, inda ango da amarya ke harhaɗa gidan da aka ba su a akwatuna, komai ya fito a karkace. Ki riga yara kallo, domin akwai shan taba da giya a wasu, akwai kuma waɗanda ke yi wa baƙar fata izgili irin na zamanin, waɗannan ki tsallake su ko ki tsaya ki yi bayani. Ki ja musu kunne cewa masu faɗuwar nan tun suna yara suka koya, kuma duk da haka Keaton sai da ya samu karaya a wuya wajen ɗaukar Sherlock Jr. a 1924, bai ma sani ba sai bayan shekaru. In gidanku ba a son kiɗa, tafi da baki sun wadatar, fim ɗin bai rasa komai ba. Sannan ki ɓoye murfin tukunyar da kike ji da shi. Nawa biyu sun lotse.

Ba zan ce miki fim ya warkar da komai ba. Abba har yanzu ba ya jin kiran da nake masa daga kicin, sai na tako. Muna koyon maganar hannu dukkanmu, kuma ni ce ta baya a aji, Auta ma ya wuce ni. Akwai ranakun da yake dawowa daga makaranta ransa a ɓace, babu ƙwaryar da za ta gyara. Amma daren Juma'a ya zama nasa. 'Ya'yan maƙwabta suna zuwa da gwangwanayensu, shi ke raba wa kowa aiki, shi ke ɗaga ludayi a fara.

In akwai yaron da ke ja da baya a naki ɗakin, ko don kunne, ko don in'ina, ko don kunya kawai, ki ba shi ƙwarya da ludayi ki ga abin da zai yi. In kin gwada, ki dawo ki gaya mana wa ya zama makaɗin gidanku. Allah Ya raya mana su, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.